Makullin da Auta Ya Ɓatar

A layin da ke bayan tashar bas, tsakanin shagon mai kemis da wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa, akwai koren akwatin ƙarfe manne a bango, daidai tsayin ƙirjin mutum. In ka matsa kusa za ka ga ramuka huɗu a murfinsa, inda aka taɓa ɗaura mariƙin kwaɗo aka kuma cire. A gefe akwai baƙin tabo na injin yankan ƙarfe da ya ci rabin hanya ya tsaya. Cikin akwatin akwai na'urar nan da ke farfaɗo da zuciya in ta tsaya farat ɗaya. Ba a kulle shi, dare ko rana. Mutumin da ke shagon mai shuɗiyar ƙofa kuwa, wanda kullum yake leƙa akwatin kafin ya buɗe nasa shagon, shekara arba'in ke nan ba shi da sana'ar da ta wuce kulle abubuwa.

Mai Makulli ake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Dogo ne siriri, tabarau rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Shagonsa bai fi taku uku ba: injin yankan makulli a kan benci, allo cike da makullan da ba a yanka ba, magagari shida jere bisa girmansu, da aljihun tebur da yake kullewa ko bayi zai zaga. Mutum ne da ya yi imani cewa duk abin da ke da daraja, kwaɗo ne haƙƙinsa. Ya kulle firij lokacin da yaransa ke ƙanana. Ya kulle akwatin mitar ruwa, abin da ko ɓarawon da ya rasa aikin yi ba zai waiwaya ba. Matarsa takan ce ta gode Allah da bakinta ba shi da mariƙi, da tuni ya rataya masa kwaɗo. Shi kuma yakan ce ai ya auna, ba a ƙera wanda zai iya riƙewa ba.

Yana da doka ɗaya da duk layin ya haddace. Makulli ba ya barin hannunsa sai ya yanka shi, ya bi shi da magagari har gefensa ya daina cizon yatsa, sannan ya gwada shi sau uku a cikin kwaɗon da aka yi shi dominsa. In kwaɗon yana ƙofar gidanka ne, to zai rufe shago ya bi ka. Masu gaggawa sun sha yin tsaki a gabansa, shi kuma ko ɗago kai ba ya yi, sai dai ya ce sauri ya haifi nawa. Kuma a faɗi gaskiya, a shekarun nan duka ba a taɓa dawo masa da makulli an ce ya ƙi buɗewa ba. Yana alfahari da wannan fiye da yadda ya kamata.

Yana ɗan shekara goma sha tara mahaifinsu, wanda ke gadin wani sito, ya yanke jiki ya faɗi a bakin titi da rana tsaka. Suna dawowa ne daga sayen takalmin makaranta na ƙaninsa. Jama'a suka taru, wannan ya yi fifita, wancan ya yayyafa ruwa, wani ya cire wa tsohon takalmi kamar takalmin ne ya kayar da shi. Babu wanda ya san abin yi, shi ma bai sani ba. Yana tsaye riƙe da hannun ƙaninsa ɗan shekara biyar har aka lulluɓe gawar da mayafin wata mata. Daga ranar shi ya zama uban yaron, shi ya ciyar da shi, shi ya kai shi koyon ɗinki, shi ya tsaya masa ranar aurensa.

Ƙanin nan shi ne Auta. Ya haura hamsin, ya yi furfura, ya yi tumbi da 'ya'ya uku, amma Auta dai ake ce masa. Shagon ɗinkinsa yana kallon na yayansa, titi kawai ya raba su. In ka ga mutanen nan biyu ba za ka ce nono ɗaya suka sha ba. Auta mai dariya ne, mai bin rediyo da waƙa ko bai iya ba, mai barin shago a buɗe ya tafi hira, almakashi a kan tebur, kayan mutane a rataye. Makulli kuwa a hannunsa bai taɓa cika wata uku ba. Har ƙusa ta musamman Mai Makulli ya kafa a allonsa, inda yake rataya irin makullan da zai riƙa yanka wa Auta.

"Yaya, makullin nan ya sake fita yawo."

"Makulli ba shi da ƙafa. Kai ne ba ka da kai."

"To in ban ɓatar ba, wa zai riƙa kawo maka ciniki?"

"Cinikin da ba a biya?"

Haka suke kullum, kuma a tsakiyar faɗan ne Auta zai ɗauki kofin shayin yayansa ya shanye.

Wata rana Auta yana hawa matakalar gidansu ya ji duniya ta juya masa, ya zauna a kan mataki yana haɗa gumi. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya tambayi yadda mahaifinsu ya rasu, sannan ya rubuta magunguna ya ce a yi hattara. Auta ya fito yana raha, wai an ce zuciyarsa ta cika son mutane ne shi ya sa ta gaji. Mai Makulli bai yi dariya ba. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda ya san ɗanɗanonsa tun yana saurayi, ya kwana uku abinci ba ya wuce masa.

A ƙarshen layin akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata. Gajeriya ce mai kaifin baki, ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ita ya je ya samu, ya tambaye ta kai tsaye ko akwai abin da mutum zai yi in ɗan'uwansa ya faɗi a gabansa. Ta ce akwai. Ta ce a danna ƙirji ba ƙaƙƙautawa, a kira motar asibiti, kuma akwai wata na'ura mai girman jakar makaranta da ake liƙa wa mutum ledoji biyu masu danƙo a ƙirji. Ita da kanta take sauraren zuciyar, ta yi magana ta ce a matsa, ta ba ta wuta in wutar za ta yi amfani. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai iya aiki da ita. Sai dai ta ce abin duka na mintoci ne, kuma motar asibiti kafin ta ratso cunkoson tasha an gama komai. Ya tambayi kuɗinta, ta faɗa masa, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka suka kafa kwamiti a shagon mai aski. Suka rubuta wa wani ofishi takarda, bayan wata biyu aka aiko musu da amsa mai cike da yabo, babu ko sisi a ciki. Wani kamfani ya yi alkawari, ya aiko da ƙyalle mai ɗauke da sunansa wanda ya fi bangon faɗi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Auta ya yanka ƙyallen ya ɗinka jakunkunan cefane aka sayar, wannan ne kaɗai amfanin da aka ci na kamfanin. Sauran kuwa daga aljihun mutanen layi ya fito. An ajiye gwangwani a kowane shago, kuma ba sai an faɗa maka wanda ya sa wa kowane gwangwani ɗan kwaɗo ba. Mai aski ya ba da cinikin Litinin. Matan da ke sayar da kayan marmari suka riƙa jefa abin da ya samu. Mai Makulli yana jefa kuɗin kowane makulli na uku da ya yanka. Wata goma sha huɗu ana wannan fama, abu ya ƙi cika, mutane suka fara gajiya. Sai ya tura babur ɗinsa kasuwa ya dawo a ƙafa.

Bai taɓa ce wa kowa don Auta yake yi ba, kuma babu wanda bai sani ba. Ranar da babur ya tafi, Auta ya tsallako titi ya tsaya a ƙofar shago yana kallon wurin da aka saba ajiye shi.

"Yaya, ashe haka kake son mutanen layin nan ban sani ba."

"Koma kan kekenka, kana tare mini haske."

Auta ya koma. Amma ranar rediyonsa bai yi waƙa ba.

Da na'urar ta iso, mutum goma sha biyu suka ba da sunayensu don koyon aiki da ita. Sista ta aro wani mutum-mutumin roba ta shimfiɗa a tsakar shagon mai aski, ta sa su danna har kafaɗunsu suka yi tsami. Mai walda ya danna da ƙarfin da sai da robar ta yi ƙara, Sista ta ce shi ne kaɗai ya fahimci karatun. Ta sa su gudu daga kowane shago zuwa bango tana duba agogo. Minti uku ta ba su, daga faɗuwar mutum zuwa liƙa ledoji. An sha dariya ranar, musamman da Auta ya ce shi a sa shi cikin masu kwanciya, gudun ba nasa ba ne.

Wurin ajiya ne ya kawo rigima. Akwatin da ake sayarwa tare da na'urar yana da tsada, kuma Mai Makulli ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce gwangwanin madara ne. Ya sa mai walda ya ƙera wani da farantin ƙarfe mai kauri, shi da kansa ya tsaya a kansa har aka gama. Ranar da za a manna shi a bango sai ga shi ya zo da kwaɗo a hannu.

Sista ta ce, "Wannan fa na mene ne?"

"Na akwati."

"Ba a kulle wannan abin, Malam. Amfaninsa ke nan, duk wanda ya fi kusa ya fizgo."

"Har da ɓarawo, shi ma yana kusa. Sista, wata goma sha huɗu muka yi. Nan tasha ce, wanda bai san mu ba yana wucewa sau dubu a rana. In aka ɗauke, ke za ki sake tara mana?"

"In aka ɗauke mun yi asarar kuɗi. In aka kulle za mu yi asarar da ta fi wannan."

Ya dubi 'yan kwamiti, suka sunkuyar da kai. Kowa ya tuna abin da ya jefa a gwangwani, kowa kuma ya tuna babur. Wa zai iya ce wa mutumin da ya sayar da abin hawansa bai san darajar abin ba? Aka tsaya a kan makulli huɗu: ɗaya wurinsa, ɗaya wurin mai kemis, ɗaya wurin Sista, ɗaya wurin Auta tunda shagonsa yana kallon akwatin. Sista ta karɓi nata ba ta ce ta gode ba. Ta ce ta faɗa, kuma kowa shaida ne.

Shekara biyu abin yana tafiya. Kowace safiya Mai Makulli yakan buɗe, ya ga koriyar fitilar na'urar tana ƙiftawa, ya goge ƙura, ya mayar ya kulle. Ashe kuma tsugune ba ta ƙare ba, don ledojin suna da ranar lalacewa ko ba a taɓa su ba, batir ma yana da nasa wa'adin. Gwangwanaye suka dawo kan kantoci, amma wannan karon in ka girgiza sai ka ji kamar babu kowa a gida. Da ƙyar aka haɗa na ledoji. Wannan ya ƙara tabbatar masa da abin da yake tsoro, cewa layin nan ba zai iya sayen na'ura sau biyu ba. Sai ya ƙara kaffa-kaffa da ita, har in yaro ya jingina da bangon yakan kore shi.

Ran wata Talata da yamma Auta ya tsallako yana sosa ƙeya.

"Yaya, kada ka yi faɗa."

"Na gida ko na shago?"

"Na akwati."

Mai Makulli ya ajiye magagari a hankali. A ƙa'idarsa kwaɗon da makullinsa ya ɓata ya mutu, ko da sabo ne fil, domin ba ka san hannun da makullin ya faɗa ba. Auta ya ce a ba shi kwana ɗaya ya duba, wataƙila yana cikin shago. Yayansa ya ce shekara talatin yana jin wannan wataƙilar, ba ta taɓa haihuwa ba. Kafin rana ta faɗi ya cire tsohon kwaɗon ya jefa a aljihun tebur. Ya ɗauko wani da ya daɗe yana ɓoyo, mai nauyi, wanda wuyansa ke ɓoye cikin jikinsa yadda zarto ba zai samu wurin kamawa ba. Shi ne kwaɗo mafi kyau da ya taɓa shigowa shagonsa, kuma da ya rataya shi sai da ya ja baya ya kalle shi da jin daɗi. Makulli ɗaya tak ya zo da shi.

Washegari da hantsi ya yanka guda huɗu. Yana shirin ɗaukar magagari sai waya ta shigo: wata mata a can ƙetaren gari, ƙofa ta rufe da ita a waje, tukunya tana kan wuta a ciki. Ya zuba sababbin makullan a aljihun tebur ya kulle, ya jefa na asali a aljihun rigarsa, ya ɗauki jakar aiki. Yana rufe shago Auta ya leƙo daga nasa, tef ɗin awo rataye a wuya.

"Yaya, ba ni nawa mana kafin ka tafi. Ko ka ba mai kemis nasa."

"Ban goge ba, ban gwada ba."

"Ba sai ka miƙo haka ba? Ai zai buɗe."

"Makulli bai taɓa barin hannuna haka ba, ba kuma a kanka zan fara ba. Da ka riƙe na farko da ba mu zo nan ba. Awa ɗaya zan yi."

"To Allah ya kiyaye hanya. Ka taho mini da zare baƙi in ka bi ta kasuwa."

Mai Makulli ya juya cikin fushi. Ya tsallaka ya hau bas.

Ya buɗe wa matar ƙofa, ya tsaya ya gyara mata sakatar da ta jawo abin, don ba ya barin aiki rabi. Yana kan hanyar dawowa, bas ta tsaya cak cikin cunkoso, wayarsa ta yi ƙara. Mai walda ne, yana haki.

"Auta ya faɗi a kan keke. Sista tana danna shi. Makullinta ya ƙi shiga, na mai kemis ma ya ƙi. Ina sabon?"

Mai Makulli ya kai hannu ƙirjinsa ya ji shi a aljihu, ɗan ƙarfe mai sanyi. Sauran huɗun suna taku goma daga akwatin, cikin aljihun tebur a kulle, bayan ƙofar ƙarfe mai kwaɗo biyu da shi ma ya zaɓa da hannunsa.

"Ku fasa," in ji shi.

"Muna ta dukansa da guduma, ko gezau."

Ya sani. Duk duniya babu wanda ya fi shi sanin cewa kwaɗon nan ba zai fasu ba, ai don haka ya saye shi. Ya ce su bar kwaɗon, su kawo injin yanka su ci ƙarfen da murfin ke juyawa a kai. Sannan ya dira daga bas ya kama gudu, dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, jakar aiki tana dukan ƙugunsa har ya yar da ita a gefen titi. Yana gudu yana ganin masu babur suna ratsa tsakanin motoci. Daga baya ya ji cewa wayar injin ba ta kai bango ba, sai da aka je neman ƙari gida biyu. Ya ji cewa Sista ta danna har hannuwanta suka mutu, mai aski ya karɓa, mai kemis ya karɓa, duk yadda aka koya musu, babu wanda ya yi kuskure ko ɗaya. Mutanen layi sun yi nasu.

Da ya iso, tartsatsi yana tashi, inji ya ci rabin ƙarfen. Ya ture mai walda, ya zura makulli. Juyi ɗaya, a hankali, ba ko ƙara, kwaɗon ya buɗe kamar yadda kwaɗo mai kyau yake yi.

Suka liƙa ledojin. Auta yana kwance tsakanin keken ɗinki da tarin yadi, tef ɗin awo har yanzu a wuyansa. Na'urar ta yi magana da muryarta mai natsuwa, ta ce kada kowa ya taɓa shi. Aka janye hannuwa. Ta yi shiru tana saurare, sannan ta ce babu buƙatar ba da wuta, a ci gaba da dannawa. Mai Makulli ya ɗago da murna ya dubi Sista, a zatonsa labari ne mai daɗi. Fuskarta ce ta gaya masa cewa ba a samu abin da za a tayar ba. Minti goma sha tara ta ƙirga a agogonta. Ya durƙusa ya karɓi dannawar da kansa, bai daina ba har ma'aikatan motar asibiti suka ɗaga shi.

Bayan an share makoki ya je gidan Sista, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga.

"Ki gaya mini gaskiya. Da a buɗe yake, da ya tashi?"

Wannan matar da ta ce kowa shaida ne, ba ta tuna masa ba, ko a ranar ko bayanta.

"Ban sani ba, Malam. Akwai wanda ake sa wa cikin minti biyu kuma ya tafi. Kwana in ya ƙare ya ƙare."

"Ba wannan na tambaye ki ba."

"To. Da ya samu dama. Iyakar abin da zan iya ce maka ke nan, kuma ba zan rage maka shi ba."

Ya gode mata. Daga nan bangon ya nufa da sukuddireba, ya kwance ƙusoshi huɗu na mariƙin, ya bar murfin yadda ko yaro zai ja ya buɗe. Ya kai wa kwamiti takardar ajiye aiki, mai aski ya ninke ta ya mayar masa a aljihu, ya ce su ma suna wurin ranar da aka rataya kwaɗon farko, kuma babu wanda ya buɗe baki. Matar Auta ba ta taɓa gaya masa baƙar magana ba. Tana gaishe shi da Yaya kamar da, tana aiko masa da yara ranar hutu. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Shekara huɗu ke nan akwatin yana buɗe a bakin tasha, inda baƙo ke wucewa sau dubu a rana. Ba a taɓa ɗaukar ko ɗan almakashin yanka riga da ke ciki ba. Kullum da safe yana leƙawa, kullum tana nan tana ƙifta koriyar fitilarta, kuma kowace safiya abin yana sukarsa sabo. Gwangwanin batir yana kan bencinsa ba kwaɗo, yana jefa kuɗin makulli na uku kamar da. A shekara ta uku wani direban motar kaya, baƙo, ya faɗi a gaban kemis. Wata mai sayar da lemo ta fizgo na'urar, cikin minti biyu aka liƙa, ta ba da wuta, mutumin ya tashi. Bayan wata guda ya dawo da matarsa yana bin shago-shago yana godiya, aka nuna masa Mai Makulli aka ce ga wanda ya sayar da babur ɗinsa. Mai Makulli ya yi masa barka da zuciya ɗaya, da gaske ya ji daɗi. Da suka tafi ya ja ƙofar shago ya zauna a ciki, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Shagon ɗinkin ya daɗe a rufe, sai bana babbar 'yar Auta ta ce za ta buɗe ta ci gaba da sana'ar. Suna share-share ita da mahaifiyarta, sai ga uwar ta tsallako titi, hannunta a dunƙule.

"Yaya, mun juye gwangwanin maɓallai, muka ga wannan a ƙasa. Ban san na ina ba ne, na ce kai za ka gane."

Ta buɗe hannu. Ɗan makulli ne da jan ƙyalle ɗaure a kansa, irin ɗaurin da Auta ke yi wa abin da ba ya so ya ɓata. Tun daga nesa ya gane yankan hannunsa. Ashe bai fita yawo ba, bai faɗa hannun kowa ba. Yana kan teburin ɗinki, taku ɗaya daga inda mai shi ya faɗi, inda da an ba shi kwana ɗayan da ya roƙa da ya gan shi.

"Na wani tsohon kwaɗo ne," in ji shi. "Na gode."

Da ta tafi ya jawo aljihun tebur. Sababbin makullan nan huɗu suna ciki har yau, gefensu yana cizon yatsa, bai taɓa goge su ba. A bayansu tsohon kwaɗon yake, ya ɗan yi tsatsa. Ya zura makullin Auta ya juya, ya buɗe. Ya kulle ya sake juyawa, ya buɗe. Bai iya yin na ukun ba. Ya zauna da kwaɗon a buɗe a tafin hannunsa, yana jin keken ɗinki ya fara ƙara a ƙetaren titi.